Makullin 'Yar Gata

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalan.

Baba Sambo tsohon direba ne, yana da 'ya'ya mata uku da tsohuwar Fijo guda mai suna 'Yar Gata. Motar ta girmi dukkan 'ya'yan, kuma ko su sun san ta fi su fada a wurinsa. Duk ya koya musu tuƙi, amma a tsakar fili, yana gefe yana kururuwar "A hankali! Ba jaki ba ce!"

Wata Laraba da hantsi sun je gona kwasar harawa, Baba ya cusa hannu ƙarƙashin dami, sai kububuwa ta sare shi a hannun hagu. Asibitin da ke da allurar dafin maciji kuwa tafiyar awa guda ce a mota. 'Ya'yan suka yi kan sitiyari, ya daka musu tsawa: "Ina numfashi wata ta ja min 'Yar Gata? Ku shiga baya!" Haka ya figa da hannu ɗaya.

Sun ci rabin hanya, a dajin da ko sabis na waya babu, allurar zafin inji ta haye ja, tururi ya turnuƙe bonet. Ruwan lagireto ya tsiyaye. Hannun Baba ya kumbura har gwiwa, amma da ya fito motar ya dafa yana cewa, "Sannu, uwar ɗakina, sannu." Daga nan jiri ya zaunar da shi gindin kalgo.

Babbarsu Lantana mai yi wa amare kwalliya ce, wadda ko gona ba ta zuwa sai da jakarta. Ta leƙa injin, ko'ina jiƙe yake da tururi, ba a gane inda yoyon yake. Ta cire gyalenta sabo fil ta goge tiyo da lagireto tas, ta zazzage hodarta a kansu. Baba ya ɗago kai da ƙyar: "Ke, aurar da ita za ki yi?" Ta zuba wa hodar ido. Can sai ga wani siririn layi ya jiƙe cikin farar hodar. Ta bi shi da madubinta har ƙarƙashin tiyon ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, ta kurma ihu: "Ga ɓarauniyar nan!" Tsaga ce 'yar mitsitsiya, kamar yankan reza.

Ta tsakiya Uwani kayan miya take kaiwa kasuwa a bayan babur, kuma ɗaurinta bai taɓa kwancewa a hanya ba. Ta ce, "Matsa, Yaya, kin gama shafe-shafenki." Ta kwanto robar da suka ɗaure harawa da ita, ta kwanta rigingine a ƙarƙashin motar. Ƙarfe da zafi, sauran ruwan yana ɗiga mata a wuyan hannu, fata na tashi, ba ta saki ba. Ta ja robar ta naɗe, ta ja ta naɗe har sau goma sha biyu, ta kama bakin da haƙori ta ƙulle. Ta fito baƙi ƙirin tana cewa, "In wannan ya kwance, ku canza min suna."

Auta Tabawa kuwa, tun kafin tururin ya lafa ta fizgi jarka ta ruga, ba wanda ya aike ta. Ta hango kore can nesa, ta san akwai fadama. Takalminta ya tsinke, ta watsar da shi, ta keta ƙaya da ƙafa. Ruwan da ta samu duk laka ne, sai ta tace shi da ɗankwalinta don kada ya toshe lagireto. Ta dawo da jarka a ka, daidai lokacin da Baba ya rarrafo zai murɗe murfin lagireto da hannunsa mai lafiya. Ta buge hannun: "Baba, maciji bai ishe ka ba sai ka haɗa da ƙuna?" Ta rufa tsumma ta sassauta murfin har ya gama huci, ta sa aka tayar da injin, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan don kada sanyi ya fasa shi.

Lantana ta sake zura madubi. Shiru. Ko ɗigo!

Baba ya koma mazauninsa na direba yana layi, su uku suna kiran sunansa kada ya lumshe ido, allurar zafin inji tana tsaye a tsakiya abinta. Sai da ya taka birki a ƙofar asibiti, ya ja na hannu, ya zare makulli, sannan ya yarda ya suma. Likita ya ce da sun ƙara rabin awa, da wani zancen ake yi.

Ya warke, amma hannun ya ƙi riƙe sitiyari. Ya tara su, ya ajiye makullin a kan tabarma, ya share ƙwalla ya ce, "Wadda ta cece ni ta ɗauka."

Hannu uku suka sauka a kai lokaci guda.

Lantana ta ce, "Da ban gano ba, iska za ki ɗaure?" Uwani ta ɗaga tabon hannunta: "Da ban ɗaure ba, ruwan Auta ƙasa zai sha." Tabawa ta miƙe ƙafa mai sawun ƙaya: "To ku tayar da ita da hoda da roba mu gani!"

Baba ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ce kansa na ciwo, ya shige ɗaki. Makullin na nan kan tabarma.

To, ku da kuka ji komai, wace ce a cikinsu za ta ja 'Yar Gata?