Hantar Kajin Kusfa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum nan Kusfa, shekarun da kowa ya rungumi kiwon kajin turawa. Ba zan kama sunansa ba. Yana ƙyanƙyasar 'yan tsaki yana sayar wa matan unguwa, kuma an yarda da shi ƙwarai.

Sai kajinsa suka fara ramewa. Ya kira Malam Jibril, likitan dabbobi. Likita ya feɗe guda, ga hanta ta kumbura, duk fararen ƙari.

Ya ce, "Alhaji, wannan cuta ta cikin ƙwai take bi. Ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe da ita, jikinsa ba ya ɗaukarta baƙuwa, balle ya yaƙe ta. Garau za ka gan shi, sai ya yi watanni ƙari ya fito. Jajayen kajin can irinsu ba ya kamuwa da sauƙi. Riƙe su, ka daina sayar da 'ya'yan fararen."

Amma fararen sun fi ƙwai, sun fi shiga ido. Ya ce a ransa, kafin ƙari ya fito wa zai tuna da shi? Tir! Ya ci gaba da sayarwa, har da rantsuwa. Hajo, wata tsohuwa, ta ɗauki ashirin, da su take sa ran ciyar da jikokinta.

Ranar ƙaramar Salla mata suka yanka kaji. Kowane gida hanta iri ɗaya ake gani, abin ƙyama, ko kare ba ka ba shi ba. Hajo ta leƙa maƙwabta, magana ta haɗu: duk a hannunsa aka saya.

Kun san yadda ake aika abincin Salla. Yana zaure da manyan baƙi, sai ga kwanuka rufe da faifai, daga gida tara. Ya washe baki, ya buɗe na farko da hannunsa. Ɗanyar hanta ce, ƙudaje na bi. Na biyu ma haka. Baƙi suka toshe hanci, suka nemi takalmansu. Likitan na cikinsu, aka tambaye shi, ya ce ya gaya masa tun bara.

Daga ranar ko ƙwai ɗaya ba a ƙara saya a hannunsa ba. In ya yi sallama a majalisa, a amsa a taƙaice, a tashi. Ƙarshe ya bar garin.

Jama'a, wanda ya san aibin kayansa ya ɓoye, maci amana ne, ko da ɗan tsako ya sayar. Me za ka ce ranar da za a buɗe naka kwanon?

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya yarda da mu. Amin.