Dalilin da Ya Sa Bakin Bunaji Ya Yi Baƙi

Goggo Yalwa, yayar babana, ita ta fara gaya mini dalilin da ya sa farar saniyar nan Bunaji take da baƙin baki da baƙin kunne. Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba.

A da can, Bunaji fara ce fat kamar kindirmo. Sai wata shekara rani ya yi tsawo, ciyawa ta ƙare. Makiyaya suka taru a gindin gawo, suka kafa ƙungiya, suka naɗa Arɗo Giɗaɗo shugaba. Suka yanke cewa jajayen shanu masu manyan ƙaho za a riƙe, fararen kuma a miƙa wa mahauta, wai sun cika rama.

Akwai wata tsohuwa, Daso, saniyarta ɗaya tak, fara. Ta miƙe ta ce, "Arɗo, in an yanka ta, kai zan riƙa tatsa?"

Aka fashe da dariya. Arɗo ya ce, "Haba Inna, wannan abar ko inuwar kirki ba ta da ita. To, na ji. In ta kai ruwan farko tana ba da nono, mun bar ta, da ita da danginta."

Kun san makiyaya kan sa wa busasshen daji wuta don sabon toho ya fito. Haka suka yi. Tohon ya fito ƙanana, a ɓoye ƙarƙashin toka. Jajayen nan suka sunsuna, suka yi atishawa, suka koma gefe suna jiran ciyawa ta yi tsayi. 'Yan gayu ke nan!

Ita kuwa ta Daso ba ta san kunya ba. Ta tsunduma kai cikin tokar har kunnuwa, tana tsinke tohon. Kullum ta dawo baki dumu-dumu kamar ta lashe gindin tukunya, mata na yi mata guɗar tsiya. Amma kullum ƙwaryar Daso a cike.

Kafin ruwa ya sauka nonon jajayen ya ƙafe. Sai ga Arɗo a ƙofar Daso da ƙoƙo a hannu, yana sosa ƙeya.

"Inna, furar gidana ta kwana biyu ba nono."

"Na abar da ba ta da inuwa?"

"Shi dai."

Ta cika masa ƙoƙon. Ƙungiya ta sake zama, aka ce kowa ya nemi irin farar nan. Daso ta wanke bakin saniyar har hannunta ya gaji, baƙin ya ƙi fita. Da ta haihu, maraƙin ma da shi ya zo.

Shi ya sa har yau Bunaji take da baƙin baki da kunne, kuma in rani ya tsananta ita ake samu a tsaye.

Ni kuwa da na ji, washegari na ɗauki soso da sabulun salo na nufi maraƙin gidanmu, wai ni zan fitar da baƙin bakinsa. Ya zuba mini harbi ɗaya, na zauna daɓas cikin kashin shanu.