Makin Fegin Gero

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma kowa sai ya tofa albarkacin bakinsa.

A wata makarantar ƙauye an yi wani malamin noma, Malam Ɗantani, mutum mai tsoron cin haƙƙin yaro ko da na rabin maki ne. Wata shekara hedimasta ya kira shi ya ce kwalejin noma ta birni ta ba su gurbi ɗaya, karatu kyauta, kuma wanda ya fi maki a aikin gona shi zai tafi. Filin makaranta ba yawa, don haka malam ya raba 'yan ajin ƙarshe uku-uku, kowane rukuni da ɗan fegin gero. Da kaka ta yi, fegi ɗaya tak ya yi abin kirki, na Tasalla da Nomau da Gambo.

Tasalla ce ta fara. Irin da makaranta ta raba bai kwanta mata ba, sai ta ɗibi kaɗan ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, yadda aka koya musu a aji. Ko tsiro ɗaya bai fito ba, ashe ƙwari sun gama da cikinsa. Ta gaya wa 'yan aji, suka ce ta cika iyayi. Ita dai ta je ta roƙo iri a rumbun kakarta.

Nomau kuwa, karatu sai a hankali, ko sunansa da ƙyar yake rubutawa daidai. Amma shi ya dubi gabas ya ce su yi binne, su shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Aka yi ta yi musu dariya. Ruwan farko na sauka nasu ya tsiro, sauran kuma kafin su gane irinsu matacce ne su sake shuka, damina ta yi nisa. Noman farko da maimai duk shi ya yi, har tafin hannunsa ya yi kanta.

Gambo bai taɓa riƙe fartanya ba, shan inna ta taɓa masa ƙafa tun yana ƙarami. Sai dai geron da ya riga kowa fitar da kai, ai shi tsuntsaye ke wa taron dangi. Jan-baki suka sauko kamar hayaƙi. Yaron nan ya zagaye fegin da igiya, ya rataya gwangwanaye, ya zauna a rana duk tsawon hutu yana ja yana ihu, har muryarsa ta dushe.

Malam Ɗantani ya ba kowannensu ɗari bisa ɗari. Hedimasta ya duba ya ce, "Haba Malam, kujera aka ba mu, ba benci ba. Jeka ka rage wa biyu."

Wallahi abin ya dame shi, tausayinsu ya kama shi, don ya san duk cikinsu ba wanda gidansu zai iya kai shi gaba. Wanda aka rage wa maki ɗaya, karatunsa ya ƙare ke nan. Ya je wurin damman geron, ya zaro zangarniya yana juyawa, ko zai ga inda rabon Tasalla ya tsaya na Nomau ya fara. Bai ga komai ba sai gero.

To, jama'a, in jan biron nan a hannunku yake, wa za ku bar wa ɗarinsa, su wa kuma za ku rage wa?