Saitin da Sagiru Ya Ƙi Adanawa

Akwai wani matashi a Ƙofar Sauri mai suna Sagiru, a shekarun da aka dawo mulkin farar hula, kafe-kafen intanet suka fara buɗewa a Katsina. Allah Ya ba shi kai, ya iya Linux, tsarin kwamfutar nan da ake ba ta umarni a rubuce kan baƙin allo.

Da Alhaji Sada ya buɗe kafe, ya kafa faranti a kan rufi don samun intanet mai sauri, Sagiru ya kira ya haɗa masa. Ya zauna gaban babbar kwamfutar da ke raba wa sauran kwamfutoci layin intanet, ya buga umarninsa, nan take intanet ta kawo. Alhaji ya yi ta sa masa albarka.

To amma fa gogan naku ya yi wata dabara. Saitin nan akwai fayil ɗin da ake adana shi, yadda ko kwamfuta ta mutu ta tashi za ta tuna abinta. Shi kuwa da gangan ya ƙi adanawa. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta komai ya goge, sai an aika a nemo shi.

Ba wani abu yake nema ba illa ya shigo ana cewa ga Injiniya nan, a buɗa masa hanya. Alhaji ya roƙe shi ya koya wa Safiya, mai kula da kwastomomi. Ya yi dariya ya ce wannan ba aikin kowa da kowa ba ne.

Ana nan, sai wani aiki ya kai shi Funtuwa. Ranar kuwa ita ce ta ƙarshe ta rajistar jarrabawar shiga jami'a, da la'asar za a rufe. Ƙanwarsa Fiddausi tana cikin layi a kafen Alhaji tun safe, ta ƙi zuwa wani kafe don ta ce nan ne aikin yayanta.

Layi ya kusa zuwa kanta aka ɗauke wuta. Aka tada janareta, kwamfutoci suka tashi, intanet shiru.

Safiya ta kira shi a waya. Ya yi ƙoƙarin faɗa mata abin da za ta rubuta, amma baiwar Allah ba ta taɓa buɗe baƙin allon ba, ga waya tana yankewa. Fiddausi ta ruga wani kafe a Ƙofar 'Yanɗaka, ta iske layi har bakin titi.

Sagiru ya bar aikinsa ya shigo mota. Bai iso ba sai bayan magariba, an riga an rufe rajista. Ya tarar Fiddausi ta dawo kafen Alhaji, tana zaune a benci rungume da takardunta.

Ya wuce wurin babbar kwamfutar. Ya zauna, ya dawo da layin intanet, ya buɗe fayil ɗin ya adana saitin. Ya kashe kwamfutar ya kunna, intanet ta kawo da kanta. Ko shayin da Alhaji ya sa aka kawo masa bai huce ba.

Fiddausi tana tsaye a bayansa tana kallo. A hankali ta ce, "Yaya, dama wannan ne kawai?"

Sai da ta jira wata shekarar kafin ta yi rajistar.

Darasi: Ilimin da ka ɓoye don a riƙa nemanka, ba ka san wanda zai cutar ba, wataƙila naka ne na jini. Idan an ba ka aiki ka ƙarasa shi, ka koya wa na kusa da kai. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.