Tunau da Hauren Toron Giwa

Tun kafin bindiga ta shigo ƙasar Hausa, fari ya koro wasu mutane daga arewa, suka sauka a gindin wani dutse cikin dajin Malmo. Jagoransu maharbi ne mai suna Tunau, dogo, mai ƙarancin magana. Kirarinsa shi ne: Tunau na Hakama, kibiya ɗaya nama ɗaya, inuwar da gwanki bai gani. Hakama yayarsa ce. Ita ke dafa masa dafin kibiya, kuma babu wanda ya kai ta karanta sawu.

Dajin na giwaye ne. A cikinsu akwai wani tsohon toro wanda haurensa ke jan ƙasa, har akan gane hanyarsa da zane biyu a kan rairayi. Samarin giwaye shi suke bi. Hakama ta sha ganin yadda yake tare duk saurayin da ya nufi gonakin baƙin, ya make shi da hanci, ya kora shi daji. Da haka geron da suka shuka, wanda shi ne irinsu na ƙarshe, ya tashi lafiya.

Akwai kuma Makau, mai kaɗa wa maharba komo, wato babbar garayarsu. Mutum ne mai daɗin murya da kaifin harshe. Wata rana Tunau ya dawo da ɓauna, aka taru ana rabon nama, sai Makau ya jingine komonsa.

"Ɓauna kuma? Bakina ya gaji da ɓauna," in ji shi. "Ƙaho ai ko wanzami yana da shi a zabira. Namiji shi ne wanda ya kafa hauren toro a ƙofar gidansa."

Jama'a suka yi dariya. Tunau bai yi ba.

Da gari ya waye ya ɗaura kan burtu a goshi, kamar yadda maharba ke yi don dabba ta ɗauke su tsuntsu, ya shiga ciyawa yana rarrafe, iska na bugun fuskarsa. Ya kusanci tsohon har yana jin kukan cikinsa. Kibiya ɗaya ya saka, a bayan kunne. Toron ya yi wata ƙara da ta tashi tsuntsayen dajin duka, ya yi ta tafiya dafi na cin sa, har ya faɗi a wata busasshiyar fadama, gindin tsamiya. Wurin da nisa, kuma gida cike yake da naman ɓauna. Tunau ya sa gatari ya cire haure biyu, ya kira ƙarti suka ɗauko, aka bar tulin nama a nan.

Ranar ba a taɓa ganin irinta ba. Mata na guɗa, ƙura na tashi, Makau na kiɗa har tsirkiya ta tsinke. Aka kafa hauren a ƙofar Tunau, dama da hagu, kowanne ya fi mutum tsawo. Hakama ta zo ta dube su.

"Wa ya ci?"

"Ya ci me, Yaya?"

"Naman."

"Ungulu."

"To ungulu ya kamata su yi maka kirari, ƙanena," ta ce, ta koma ɗaki.

Gero na fitar da kai samarin giwaye suka iso, da rana tsaka, ba mai tsawata musu. Suka tattake gonar gabas, suka ture rumbu. Tunau ya harbi ɗaya, sauran suka ƙara haukacewa. Mutane suka haye dutse, wasu har sun fara ɗaure kaya, domin in sauran geron ya tafi, zama ya ƙare.

Da giwayen suka ja baya zuwa bakin daji, Hakama ta sauka ta bi sawunsu, ta dawo wajen Tunau.

"Ba gero suke nema ba, geron a kan hanya yake kawai. Duk sawun ƙofarka ya dosa. Ka kashe mai kwaɓarsu, ka kafe shi a gabansu. Mayar musu da kayansu." Ta ɗaga kai ta hango Makau a maƙale bayan wani dutse. "Kai ma sauko. Hannunsa ya saki kibiya, amma bakinka ya ja bakan."

"Yaya Hakama, ni fa makaɗi ne. Kafaɗata komo ta sani."

"Yau za ta san haure."

An ce kowane haure sai ƙarti biyu ke ɗaga shi, amma ranar Tunau da Makau kowannensu ya saɓa ɗaya shi kaɗai. Tunau ya ajiye kwari da baka. Suka ratsa gona, suka doshi garken. Giwayen suka buɗe kunnuwa, suka ɗaga hanci, suka dare biyu, mutanen suka wuce ta tsakiya. Sai garken ya rufe bayansu ya biyo su. Ƙasa na girgiza, itatuwa na karyewa, hucin numfashi na dukan ƙeyarsu. Tunau na gaba bai waiwaya ba. Makau ya yi tuntuɓe ya kife, wani saurayin giwa ya tsaya a kansa, ya sunkuyo da hanci ya shinshina hauren, ya jira. Makau ya miƙe, bakinsa ya ɓalle da kirari, ba na maharbi ba: "Toro mai share hanya, uban samari, katangar gonar baƙo!" Bai yi shiru ba har gindin tsamiya.

Suka ajiye hauren a jikin ƙasusuwan, suka ja gefe. Giwayen suka kewaye wurin suna shafa shi da hanci, suna jibga masa rassa. Daga nan suka shiga tonon fadamar da ƙafa, har ruwa ya ɓullo. Suka sha, suka yi kudu. Geron da ya rage ya nuna, ya ishi ci da iri.

Ramin nan shi ne Rijiyar Haure, kuma da sunanta ake kiran garin da ya tashi. Masu ba da labarin sun saɓa a kan ko Tunau ya sake farauta. Mafi yawansu sun ce ya yi, amma bai ƙara harbin abin da ba za a cinye ba. A kan abu ɗaya duk suka haɗu: har yau ba a rataya ƙaho ko haure ko fata a ƙofar kowa a garin, kuma jikokin Makau ba sa taɓa komo sai an gama rabon nama. In baƙon maharbi ya shigo yana nuna kan dabbar da ya kashe, ba a yi masa gardama. Akan ɗebo masa ruwan rijiyar a ƙwarya, a bar shi ya sha ya huta. Sannan wata tsohuwa ta matso, ta dubi ƙahon, ta tambaye shi wa ya ci.