Kujerar Bushiya a Majalisar Igiya

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta ƙaraso mu ji ta!

Dabbobi suna da wata doguwar igiya da aka ɗaura daga bishiya zuwa bishiya. Mai saƙo sai ya girgiza ta, a ji har ƙarshen dawa. Majalisar da ke kula da ita kuwa 'yan kasuwa ne zalla. Ran nan suka shirya doka: wanda ba shi da rumfa, kada ya ƙara taɓa igiya.

Marasa rumfa suka tura Bushiya ta yi magana da yawunsu. Ta shiga majalisar ƙayoyinta a tsaye, don da igiyar take kiran 'ya'yanta in shaho ya fito.

Kura mahauciya ta ce, "Ke 'yar mitsitsiya, me kike sayarwa?"

"Ko tsinke, ranki ya daɗe. Amma bara da ambaliya ta taho, wa ya girgiza igiya har kika kwashe namanki?"

Dila dillali ya tuntsire da dariya. "Kwaɗo ne! Ko faifan talla ba shi da shi."

Kura ta yi tsaki, ta turo kujera da ƙafa. "Zauna cikinmu, mai ƙaya. An fasa dokar."

Sai a lokacin ƙayoyin Bushiya suka kwanta.

Ƙurunƙus kan ƙadangare!