Ranar da Hadari Ya Nemi Izinin Shiga Gari

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta.

A da can, Sarki Zaki shi ke jin kukan talakawansa da kunnensa. Da ya gaji, sai ya naɗa mai ji masa. Shi ma wannan ya gaji, ya naɗa nasa. Kafin ka ce me, rawuna sun fi kawuna yawa a garin. Aka kuma yi doka: baƙo ba ya shiga sai da izini.

To, akwai Bushiya, 'yar gonarta ɗaya ta gero, ita ce cinta, ita ce shanta. Shekarar nan ruwa ya ɗauke, gero ya fara sunkuyar da kai. Rannan sai ga Hadari baƙi ƙirin, ya tsaya a bayan ganuwa.

Bushiya ta ce, "Malam Hadari, bismilla mana."

Ya ce, "Ni baƙo ne, Iya, ba ni da izini. In la'asar ta yi ban samu ba, gaba zan yi."

Hankalin Bushiya ya tashi. Ta ruga wurin Jaki, Sarkin Ƙofa.

Jaki ya ce, "Ta ƙofa zai shigo?"

"Ta sama, ranka ya daɗe."

"Ba hurumina ba ne. Je ki ga Kada."

Kada, Sarkin Ruwa, ya ce, "Ruwan ya kwanta a ƙasa?"

"Tukuna, ranka ya daɗe."

"Ba hurumina ba ne. Je ki ga Hawainiya."

Hawainiya, Sarkin Baƙi, sai da ya sauya riga uku kafin ya fito. Ya ce, "Kwana zai yi?"

"Wucewa zai yi."

"Ba hurumina ba ne."

Ga rana ta karkata, ga ƙafafu sun yi tsami. Bushiya ta zauna ta yi kukanta ta ƙoshi. Can ta share hawaye, ta sake bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, in Hadari ya shigo, kai ne mai hana shi?"

Jaki ya ce ba huruminsa ba ne. Kada ya ce ba huruminsa ba ne. Hawainiya ko leƙowa bai yi ba, daga ɗaki ya amsa.

Bushiya ta koma ta ce, "Malam Hadari, na zaga fada kaf. Mai ba ka izini babu, mai hana ka ma babu."

Hadari ya yi wata dariya, ita ce tsawar da kuke ji. Ya shigo ya zuba, ya zuba, ya zuba. Geron Bushiya ya miƙe tsaye.

Zaki ya fusata, ya tara fadawa, rawuna sharkaf. Kwana bakwai suna shawara, suka ƙirƙiro sabuwar sarauta, Sarkin Hana Ruwa. Kowa ya ce aikinsa ya yi masa yawa, sai aka naɗa Kunkuru. Aka ce ya jira takardar fara aiki daga mai ji wa mai ji wa Sarki.

Har yau yana zaune a zaure yana jira. Shi ya sa muke samun damina.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera. Ku dai riƙe wannan: inda masu rawani suka yi yawa, talaka ne ke yin aikin.